Ɗaliban Indiya da Jin Kai Sojan Gona: Tambayoyi da Amsoshi

Indiya na da ɗalibai fiye da miliyan 43 a manyan makarantu, bisa ƙidayar gwamnati ta shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022. A cikinsu akwai waɗanda kowa ke ganin sun riga sun tsallake: masu karatun injiniya a cibiyoyin IIT (manyan makarantun fasaha na gwamnatin ƙasar), masu karatun likita, da 'yan manyan kwalejojin Delhi da Mumbai. Sai dai a cikin waɗannan ɗin ne ake yawan samun yaron da zai kwana ido biyu yana tunanin cewa kuskure aka yi aka ɗauke shi, kuma ko ba jima ko ba daɗe za a gane. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi wannan hali da faɗuwar gaban da ke tafiya tare da shi.

Me ake nufi da jin kai sojan gona?

Mutum ne zai samu matsayi da guminsa, shaida tana hannunsa, amma zuciyarsa ta ƙi amincewa. Gani yake sa'a ce ta kai shi, ko kuskuren masu duba takarda, ko kuma kawai ya iya rufa ido. Kullum a cikin jiran ranar da asirinsa zai tonu yake.

Wasu mata biyu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, su suka fara bayyana shi a rubuce a 1978, bayan sun yi shekaru suna sauraron mata fiye da 150 masu digirori da muƙamai, waɗanda duk da haka suke ganin ba su cancanta ba. Daga baya bincike ya nuna maza ma ba su tsira ba.

Yadda abin ke zagayawa shi ne abin lura. An ba ɗalibi aiki, gabansa ya faɗi. Daga nan ko dai ya duƙufa karatu fiye da ƙima, ko ya yi ta jan ƙafa har daren ƙarshe. Idan ya ci bayan ya sha wahala, sai ya ce ai wahalar ce ta cece shi, mai ƙwaƙwalwar gaske ba ya buƙatar haka. Idan ya ci bayan jan ƙafa, sai ya ce sa'a ce. Ta kowace fuska nasarar ba ta shiga lissafinsa. Yaba masa kamar zuba ruwa ne a kwando.

Ciwo ne da likita zai rubuta wa magani?

A'a. Ba ya cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da likitoci ke aiki da shi, ko na Amurka ko na Hukumar Lafiya ta Duniya. Akwai dai ma'auni mai tambayoyi 20 da Clance ta tsara a 1985, wanda makinsa ke kamawa daga 20 zuwa 100, kuma wanda ya haura 60 ana ɗaukar abin yana yawan damunsa. Abin da ke kai mutum asibiti shi ne abokan tafiyarsa, wato ciwon fargaba, ciwon damuwa mai tsanani da rashin barci. Waɗannan cututtuka ne sanannu kuma suna da magani.

Ko'ina ana samun haka. Me ya sa ake ware Indiya?

Saboda ƙuncin ƙofar. Fiye da yara miliyan 1 ke zama jarrabawar JEE ta farko, ta neman shiga karatun injiniya, kowace shekara. Ana tace 250,000 na sama su zauna ta biyu, wadda ta fi tsauri, alhali kujerun da ke cibiyoyin IIT guda 23 duka-duka kusan 18,000 ne. A ɓangaren likitanci, fiye da mutum miliyan 2.3 suka zauna jarrabawar NEET a 2024, suna neman kujeru ɗan sama da 100,000, kuma kusan rabinsu a kwalejojin kuɗi suke, waɗanda talaka ko hanyarsu ba ya bi. Kafin a kawo jarrabawar bai-ɗaya ta CUET a 2022, wasu kwalejojin Jami'ar Delhi sun kai ga neman maki 100 cikin 100 na sakandare a wasu kwasa-kwasai.

A irin wannan tsari ba a tambayar yaro ko ya ci. Lambarsa ake tambaya: na nawa ya zo a duk ƙasar? Lambar ce ke yanke masa makaranta, ita ke yanke masa kwas. Ana buga ta a jarida, a manna ta a allon talla tare da hotonsa, dangi su haddace ta. Yaro ɗan shekara 17 ya taso ya tarar an dunƙule darajarsa duka a lamba ɗaya, kuma a ganina daga nan matsalar ta faro.

To ai wanda ya tsallake irin wannan siraɗi shi ya fi kowa hujja. Ta yaya zai yi shakkar kansa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaure wa iyaye kai, kuma amsarta tana da rassa.

Na farko, ɗalibin ya san yadda aka yi ya ci. Ya san ya yi shekara biyu ko uku a makarantar lesin ana koya masa dabarun gane amsa cikin minti biyu. Ya san akwai tambayoyin da ya canka. Ya san a wannan jarrabawa maki kaɗan ne ke raba mutum da ɗaruruwan 'yan'uwansa, kuma da ya tashi da zazzaɓi ran nan da labari ya sha bamban. Don haka idan aka ce masa gwani, sai zuciyarsa ta ce lesin ne da kuɗin baba da sa'a. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa tunanin ke da wuyar kawarwa. Abin da yake mantawa shi ne dubban da suka zauna aji ɗaya da shi, suka biya kuɗi ɗaya, ba su ci ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na biyu, yanayin ya juye masa. Ɗauki yaron da tun firamare shi ke zuwa na ɗaya a garinsu a jihar Bihar ko Telangana. Ya shiga IIT, ya zauna a ɗakin lacca da ɗaruruwan yara waɗanda kowannensu na ɗayan garinsu ne. Aka yi jarrabawar tsakiyar zango, aka miƙo masa takardar lissafi, ya ga maki 17 cikin 50. Bai taɓa ganin irin wannan lamba da sunansa a kai ba. Ya naɗe takardar ya cusa a jaka tun kafin na kusa da shi ya leƙo. Bai san cewa matsakaicin makin ajin 19 ne ba, kuma na kusa da shi ma naɗe tasa ya yi. Da yamma mahaifiyarsa ta kira ta tambayi karatu, ya ce lafiya lau. Wani masani, Herbert Marsh, ya nuna tun 1984 cewa ɗalibai masu ƙoƙari iri ɗaya suna raina kansu idan suna makarantar haziƙai fiye da idan suna makarantar gama-gari. Ƙoƙarin yana nan yadda yake, abokan gwaji ne suka canja.

Na uku, yawancin kwasa-kwasai a irin waɗannan cibiyoyi ana ba da sakamako ne ta hanyar gwada ɗalibi da sauran 'yan ajinsa. Ko ajin duka haziƙai ne, dole wani ya zo ƙasa.

Sai na huɗu, wanda ba a cika faɗa ba. Jarrabawar shiga tana auna abu ɗaya, jami'a tana neman wani. Wanda ya ƙware a zaɓen amsa daga cikin huɗu yanzu an ce ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban aji ya yi bayani, ya yi aiki da mutum biyar, ya tsara lokacinsa ba mai tsaya masa a ka. Rashin iya waɗannan a watannin farko ba abin mamaki ba ne, tunda ba wanda ya taɓa koya masa. Shi kuwa sai ya ɗauka alamar tonon asiri ce.

Ana yawan ambaton Kota. Me ke faruwa a can?

Kota gari ne a jihar Rajasthan da ya zama hedikwatar makarantun lesin tun bayan da wani injiniya, V. K. Bansal, ya fara koyar da yara a gidansa a shekarun 1980. A lokacin da harkar ke ganiyarta, ana kiyasin yara kusan 200,000 ke zuwa garin a shekara, da yawansu 'yan shekara 15 zuwa 17, nesa da gida, kowa a ɗan ƙaramin ɗakin haya mai gado da tebur.

Rayuwar can lacca ce, atisayen tambayoyi, sai gwaji duk bayan 'yan makonni. Sakamakon gwajin ne ke rarraba yara aji-aji: na sama su samu manyan malamai, na ƙasa su samu ragowa. Wasu ma sunansu kawai ke rajistar wata sakandare, ba sa zuwa, don kada wani darasi ya ci musu lokaci. A unguwar Talwandi akwai wani wurin bautar Hindu da yara ke rubuta buƙatunsu a bango, wannan na roƙon kujerar IIT, wancan na roƙon kada ya ba iyayensa kunya, har sai an sake fenti bangon ya sake cika.

Yaron da ya fito daga nan ya shiga jami'a ya zo da abu biyu: gajiyar shekaru, da ɗabi'ar auna kansa da jerin suna. Ko babu jerin a bango, zai ƙirƙira shi a ransa.

Laifin iyaye ne ke nan?

Da sauƙin faɗa, amma ba adalci ba ne a tsaya nan. Ga iyali da yawa a Indiya, kujerar likita ko injiniya ita ce hanya ɗaya da suka sani ta fita daga talauci. Akwai masu cin bashi, akwai masu jinginar da gona ko gwal ɗin uwar gida don biyan lesin. Ba mugunta ta sa su ba.

Amma yaron ya san nawa aka kashe, ko ba a faɗa masa ba. Ya san an yi ta raba alewa a unguwa ranar da sakamako ya fito. Ga kuma ɗan maƙwabci da ake ta buga misali da shi, har Indiyawa suka mai da "ɗan Sharma" abin barkwanci, wato yaron nan da kullum ya fi ka maki. Ga tambayar da ke tsare kowane gida: me mutane za su ce? Wanda aka ɗora wa wannan kaya ba zai iya ɗaga waya ya ce "Baba, ba na gane karatun nan" ba. Shirun nan shi ke ciyar da matsalar.

Ina ruwan tsarin ajin haihuwa da wannan magana?

Ruwa da tsaki. A Indiya akwai tsohon tsari da ke raba mutane aji-aji, na sama da na ƙasa, bisa gidan da aka haife su. Dokar Indiya ta keɓe gurabe a makarantun gwamnatin tarayya ga al'ummomin da aka daɗe ana dannewa: kashi 15 cikin ɗari ga 'yan Dalit, waɗanda a da ake ƙyamar ko taɓa su, kashi 7.5 ga ƙabilun asali, kashi 27 ga sauran azuzuwan da aka bari a baya, sannan tun 2019 kashi 10 ga talakawan da ba sa cikin waɗannan rukunai. Makin shiga na waɗannan gurabe yakan yi ƙasa da na gama-gari.

Abin da ke biyo baya shi ne, a makon farko a hostel, tambayar "lamba ta nawa ka zo?" ba ta neman sani kawai ba ce. Daga lambar da kwas ɗin da mutum yake, ana iya gane ta wace ƙofa ya shigo, daga nan a gane asalinsa. Sunan iyali ma yana tona mutum. Shi ya sa a 2023 IIT ta Bombay ta fitar da ƙa'ida cewa bai dace ɗalibi ya tambayi ɗan'uwansa lambar da ya zo a jarrabawar shiga ba. Hakan ya biyo bayan rasuwar Darshan Solanki, ɗalibin shekarar farko ɗan Dalit, a watan Fabrairun shekarar. Kafin shi an yi Rohith Vemula a Jami'ar Hyderabad a 2016, da likita Payal Tadvi a Mumbai a 2019, waɗanda mutuwarsu ta tayar da muhawara a faɗin ƙasar kan wariya a makarantu. Tun 2007 ma wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Sukhadeo Thorat ya ba da rahoton wariya a babbar cibiyar likitanci ta AIIMS da ke Delhi.

A nan ya kamata a yi hattara da kalmar sojan gona. Idan ɗalibi yana jin bai cancanta ba saboda kullum ana ce masa "ɗan alfarma", ana ƙin cin abinci da shi, malami yana yi masa kallon raini, to shakkar ba daga cikinsa ta tsiro ba, cusa masa aka yi. A tura irin wannan yaro wajen mai ba da shawara ya koyi yarda da kai, a bar masu yi masa gori suna yawonsu, zalunci ne na biyu.

Turanci fa? Da mata?

Ana iya rubuta JEE ta farko da NEET da harsuna 13, amma ranar da aka shiga aji kusan komai da Turanci ne. Yaron da ya yi sakandare da Hindi ko Tamil ko Marathi zai iya fin kowa lissafi, amma ya kasa ɗaga hannu don tsoron a yi wa lafazinsa dariya. Shirunsa sai a ɗauka rashin sani ne, har shi ma ya fara ɗauka haka.

Mata kuwa, a 2016 ba su wuce kusan kashi 8 cikin ɗari na sababbin ɗaliban IIT ba. Daga 2018 aka ƙara musu kujeru na musamman don su kai kashi 20. Ƙari aka yi, ba a ƙwace kujerar kowa ba, amma hakan bai hana a riƙa ce wa yarinya don tana mace aka ɗauke ta ba.

Shin wannan ba tawali'u ba ne kawai?

Mai tawali'u ya san ya iya, bai dai ɗaga kai ba, kuma yana barcinsa lafiya. Wannan kuwa tsoro ne ke cinsa. Idan aka yabe shi gabansa faɗuwa yake, don yana ganin an ƙara masa bashin da ba zai iya biya ba.

Yaya ake bambanta faɗuwar gaba ta yau da kullum da wadda ta zama ciwo?

Kowane ɗalibi gabansa na faɗuwa daren jarrabawa, kuma kaɗan daga cikinta ma tana sa a yi karatu. Ana fara zargin ciwo idan zullumin ya ƙi tafiya bayan an gama jarrabawar, ya yi ta tsalle daga wannan batu zuwa wancan, mutum ya kasa tsayar da shi. Jiki ma yana magana: rashin barci, bugun zuciya, ciwon ciki ko gudawa kafin lacca, ɗaurewar wuya da kafaɗa, saurin fushi, karanta shafi ɗaya sau biyar ba abin da ya zauna. Wasu yakan zo musu farat ɗaya, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, mutum ya ɗauka mutuwa zai yi, sannan ya lafa bayan 'yan mintoci.

Babbar alama ita ce gudu. Ɗalibi ya daina zuwa aji, ya daina buɗe saƙon malami, ya daina cin abinci a ɗakin cin abinci, ya kulle kansa. Likitoci na da gajeren ma'auni mai tambayoyi 7 da ke duba makonni biyun da suka wuce, kuma kafin su ce ciwon fargaba ne mai ɗorewa sukan duba ko ya kai wata shida. Ba sai an jira wata shida kafin a je ba. Likita zai kuma duba ko akwai ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo, ya tambayi yawan shayi da kofi da lemon ƙara kuzari da ake sha, don duk suna iya kawo irin waɗannan alamu.

Mutum nawa abin ya shafa?

Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara bincike 62 daga ƙasashe daban-daban, ya samu alƙaluma daga kashi 9 har zuwa kashi 82 cikin ɗari, gwargwadon ma'aunin da aka yi amfani da shi da mutanen da aka tambaya. Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya tak ya ce ita ce ta ɗaliban Indiya, ka tambaye shi a wace kwaleji aka yi, da mutum nawa.

A ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, binciken da hukumar kula da likitanci ta Indiya ta yi ta intanet a 2024 ya samu kusan kashi 28 cikin ɗari na masu digirin farko na likita da suka amsa suna cewa suna da wata matsalar. Babban binciken ƙasa da cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta NIMHANS da ke Bengaluru ta gudanar a 2015 zuwa 2016 kuwa ya nuna cewa, gwargwadon irin ciwon, kashi 70 zuwa 92 na masu fama ba sa samun kulawa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai mutum 1 ga kowane mutum 100,000 ba.

Shi ke sa ɗalibai kashe kansu?

Ba daidai ba ne a rataya wannan a kan dalili ɗaya. Hukumar tattara bayanan laifuka ta Indiya ta ƙidaya ɗalibai 13,044 da suka kashe kansu a 2022, daga 'yan sakandare har 'yan jami'a. A bayan kowane ɗaya akwai tarin abubuwa: ciwon damuwa da ba a kula ba, bashi, wariya, rikicin gida, kaɗaici. Yawancin masu jin kansu sojan gona ba sa kaiwa nan ko kusa. Inda haɗarin yake shi ne wannan hali yana hana mutum neman taimako, don a ganinsa neman taimako shi ne tonon asirin da yake gudu.

Idan ɗalibi ya fara cewa ya zame wa iyayensa kaya, ko gara ba shi, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama, ba lokacin nasiha ba ne. A zauna da shi, a tambaye shi kai tsaye, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi.

Hukumomi sun yi wani abu?

Sun yi, wasu masu ma'ana, wasu na fita kunya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2017 ta sa an daina ɗaukar wanda ya yi yunƙurin kashe kansa a matsayin mai laifi. A watan Oktoban 2022 aka buɗe layin waya na kyauta mai suna Tele-MANAS, lamba 14416, dare da rana, da harsunan ƙasar da dama. A Janairun 2024 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idojin da suka hana makarantun lesin ɗaukar yaran da ba su kai shekara 16 ba, suka kuma hana su yi wa iyaye alƙawarin lamba. A 2025 Kotun Ƙoli ta kafa kwamitin ƙasa ƙarƙashin tsohon alƙali S. Ravindra Bhat don duba mace-macen ɗalibai a manyan makarantu. IIT ta Bombay ta soke tsarin sauya kwas bayan shekarar farko, wanda ke sa yara su ci gaba da tseren maki tun ranar da suka shigo.

Ƙofar dai tana nan da ƙuncinta. Rikicin NEET na 2024 ma ya ƙara dagula lissafi: da farko mutum 67 aka ce sun samu maki 720 cikin 720, aka tabbatar an saci takarda a Patna da Hazaribagh, bayan gyara adadin ya koma 17. Yaran da suka ci da guminsu a shekarar sun shiga kwaleji ana yi wa makinsu kallon tuhuma. Sai kuma watan Disamba, lokacin da kamfanoni ke zuwa IIT ɗaukar ma'aikata, jaridu su cika da labarin 'yan ƙalilan da aka ba albashin rupee (kuɗin Indiya) miliyan 10 ko fiye a shekara. Wanda ya samu aiki mai kyau na gama-gari sai ya ji kamar ya faɗi.

Me ke taimaka wa ɗalibin da ke cikin wannan hali?

Abu mafi ƙarfi, kuma mafi arha, shi ne ya ji daga bakin na gaba da shi cewa su ma sun sha haka. Wasu masana biyu a Amurka, Gregory Walton da Geoffrey Cohen, sun gwada wannan: suka ba sababbin ɗalibai labaran tsofaffi da ke cewa kowa na jin bai dace da wurin ba a shekarar farko, kuma abin yana wucewa. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna cewa cikin shekara uku tazarar maki tsakanin baƙaƙen fata da farare a rukunin ta ragu da kusan rabi. Zama ne na kamar awa ɗaya. Malamin da zai rubuta matsakaicin makin aji a allo kafin ya raba takardu ma ya yi rabin aikin.

Shi kansa ɗalibin, akwai abin da masu ba da shawara ke koyarwa: ya raba abin da yake ji da abin da ya faru. "Ina jin ni daƙiƙi ne" daban, "na samu 17 a ajin da matsakaicinsa 19" daban. Ya rubuta abin da ya yi hasashen zai faru kafin kowace jarrabawa, ya dawo ya gwada da abin da ya faru. Bayan zango ɗaya zai ga sau nawa tsoron ya yi masa ƙarya. Ya kuma daure ya yi tambaya ɗaya a aji ko a ofishin malami, don gudun tambaya shi ke mai da ƙaramin giɓi ya zama rami. Barci ba asarar lokaci ba ne, da shi karatun ke zama.

Idan fargabar ta kai matakin ciwo, magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, wanda ke gyara tunani da ɗabi'a, yana da hujja mai ƙarfi a bayansa. Akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa, waɗanda ke ɗaukar makonni kafin a ga aikinsu. Abin gudu shi ne karɓar ƙwayar barci ko ta kwantar da hankali daga abokin ɗaki, don wasunsu suna kama mutum.

Addu'a ba ta wadatar ba?

Addu'a da ibada suna kwantar da zuciya, kuma babu likitan kirki da zai hana. Amma wanda ya karye a ƙafa yana addu'a yana kuma zuwa wajen ɗori. Kuskuren da ake yi shi ne a ce wa yaro rashin tawakkali ne ke damunsa, sai a ƙara masa laifi a kan wanda yake ɗauke da shi.

Ɗanmu yana karatu a Indiya. Wannan ya shafe shi?

Yana iya shafarsa. 'Yan Najeriya na cikin baƙin ɗaliban da ake samu da yawa a jami'o'in Indiya, kuma gwamnatin jihar Kano ta tura ɗaruruwa karatun digiri na biyu a can a 2023. Ba su bi ta JEE ko Kota ba, amma nasu kayan daban ne: lafazin Turancin malamai da sai kunne ya saba, 'yan aji da ke komawa Hindi da zarar an fita lacca, kallon da ake yi wa baƙar fata a wasu garuruwa, da sanin cewa kuɗin jama'a ko na dangi ne ya kai su, ana jiran su dawo da sakamako na fita kunya.

Idan kun kira shi, kada maki ya zama tambayar farko. Ku tambaye shi ko yana barci, me ya ci yau, da wa yake hira, wane darasi ne ya fi ba shi wuya. Wannan ta ƙarshe tana nuna masa kun san akwai mai wuya, kuma ba abin kunya ba ne. Idan ya ce ba ya ganewa, kada ku ce "haba, kai da kake zuwa na ɗaya", don wannan maganar ce ta sa ya yi shiru tun farko. Ku ce ya je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ko wajen mai ba da shawara na makarantar, ya nemi ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta garin, ya kuma ajiye lambar 14416 a wayarsa, ana amsa ta da Turanci.